Sabbin Rimot na Motocin Wasa: Ra'ayin Wa Mai Saye Zai Bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Ƙofar Ƙaura ne a Katsina. Ina da motar rimot mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, wadda ta zo da nata rimot ɗin, yanzu kuma sitiyarinta ya fara rawa, ina so in canza. Na saurari masu sha'awar wannan harka, wasu suna cewa in ba Sanwa M17 ko Futaba 10PX ba duk asarar kuɗi ce, wasu suna cewa Flysky Noble ta kamo su, wasu kuma sun koma yabon RadioMaster MT12. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Ɗan'uwa, duk ɓangarorin da ka ambata suna da gaskiya gwargwadon inda suke tsaye, sai dai kusan babu wanda yake tsaye a inda kake. Mafi yawan waɗanda muryarsu ta fi tashi a wannan harka 'yan tsere ne na Ingila da Jamus da Amurka da Japan, waɗanda suke tuƙi a kan darduma cikin rufaffen zaure, ko a filin da aka daddaɓe aka yayyafa wa ruwa, kuma idan wani abu ya lalace musu suna samun madadinsa a shagon garinsu ko ya iso musu gida kafin mako ya zagayo. Kai kuwa a kan jar ƙasa da tsakuwa za ka yi tuƙi, cikin ƙurar hunturu da zafin bazara, kuma duk abin da ya ƙone sai ka yi odarsa daga waje da dala, ka zauna jira. Saboda haka shawarata ita ce ka sayi rimot mai matsakaicin farashi, ka zaɓe shi bisa la'akari da risibarsa, wato na'urar da ke karɓar umarninsa a cikin mota, sannan ka zuba ragowar kuɗin a kan sarbo mai kyau, wato ɗan injin da ke karkata tayoyin gaba hagu da dama.

Kafin a kai ga maganar saye, ka cire murfin motar ka duba cikinta, domin ba kowace mota ce take karɓar baƙon rimot ba. A motar da aka ƙera don masu wannan sha'awa za ka tarar da abubuwa uku a rarrabe: risiba, wadda ƙaramin akwati ce mai siririyar eriya, da sarbo, da kuma ESC, na'urar da ke tsakanin batir da inji tana daidaita gudu. Sarbo da ESC kowanne yana shiga risiba da filogi mai waya uku, baƙa ko ruwan ƙasa ita ce nagetif, ja ita ce fozitif, fara ko ruwan lemo ita ce ta sigina, kuma sitiyari yana tasha ta 1, totur yana ta 2. In haka ka gani, canjin rimot aikin zama ɗaya ne. Amma da yawa daga cikin motoci masu sauƙin kuɗi da ke shigowa ta Kano da Legas an haɗe musu risiba da ESC a allo guda, wasu ma sarbonsu mai waya biyar ne wanda allon ne ke tafiyar da shi. Irin wannan mota ba ta karɓar sabon rimot sai an saya mata ESC da sarbo tare, kuma a nan kuɗin gyara yana iya kusantar kuɗin motar kanta.

Rawar sitiyarin da ka ambata ma tana bukatar bincike, domin ba kullum ne laifin yake a rimot ba. Ka ɗora motar a kan bulo tayoyinta suna lilo, ka kunna, ka bar rimot ɗin a ajiye. Idan sarbo yana karkarwa da kansa alhali ba a taɓa komai ba, ka ari wani sarbo ka jona, domin mai yiwuwa naka ne ya cinye. Idan kuwa rawar tana tasowa ne a lokacin da ka ɗan motsa sitiyarin kusa da tsakiya, ta lafa idan ka murɗa shi can gefe, to alama ce ta cewa abin da ke auna murɗawar a cikin rimot ya gaji. A yawancin rimot masu arha wannan abu irin boliyum ɗin rediyo ne, zobe mai shafen gawayi da wani ɗan harshen ƙarfe ke gogawa a kai. A hunturun da ya wuce an kawo mini wani mai irin wannan ciwo, da na buɗe sai na tarar ƙura mai laushi ta cakuɗe da man da ke ciki ta zama baƙin kwaɓi, kuma harshen ya riga ya sassaƙe gawayin daidai tsakiya, inda sitiyari ke yini. Feshin wanke allo ya kwantar da shi na ɗan lokaci, amma inda ya sassaƙe ba ya dawowa. Wannan ne ya sa nake ba da muhimmanci ga wani abu da 'yan tseren waje suke ambata a wuce kawai, wato rimot masu auna murɗawa da maganaɗisu, inda babu abin da ke gogar wani. MT12 tana cikin masu wannan tsari, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu amfaninsa ya fi na launin allo nesa ba kusa ba.

Yana da kyau ka san cewa babban sauyin da ya taɓa faruwa a wannan fanni ya riga ya faru tun da daɗewa. A da motoci suna aiki ne a zangon 27 MHz, ko 40 MHz a Turai, ko 75 MHz a Amurka, kuma kowane rimot da risibarsa suna da kiristal, wato ɗan abin da ke tsayar da tasha, guda biyu masu lamba ɗaya. A zangon 27 MHz tashoshi shida ne aka fi sani, kowace da launinta, kuma idan mutum biyu suka kunna a launi ɗaya sai motar wannan ta bi umarnin wancan, har ya zama a filayen tsere akwai allon da ake ɗaukar alama kafin a kunna. A tsakiyar shekarun 2000 Spektrum, na kamfanin Horizon Hobby da ke Amurka, ya yaɗa tsarin 2.4 GHz, sauran kamfanoni suka biyo baya, aka daina kiristal, doguwar eriyar ƙarfe ta ɓace, risiba ta koma sauraron rimot ɗin da aka haɗa ta da shi kaɗai. Rimot na yau yana tsalle daga tasha zuwa tasha sau da yawa cikin daƙiƙa guda, shi ya sa yake zaune lafiya da Wi-Fi da Bluetooth duk da suna zango ɗaya. Rimot ɗin da ya zo da motarka kusan tabbas yana da wannan ci gaba. Abin da ake muhawara a kai yanzu ƙari ne a kan abin da ya riga ya yi kyau.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta jinkiri, wato tsakanin lokacin da ka murɗa sitiyari da lokacin da umarnin ya isa ga sarbo. A nan ne masu Sanwa da masu Futaba suke kafa hujja, tun da Sanwa ta fito da M17 a 2018 da tsarinta na FH5, Futaba kuma ta fito da 10PX a 2021 da tsarin F-4G, kowanne yana tallar cewa jinkirinsa ya sauka zuwa 'yan milisakan, wato kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa. Bari mu yi lissafi da motarka. Motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a daƙiƙa, wato santimita ɗaya da ɗan ɗori a kowane milisakan. Idan bambancin rimot mai tsada da mai matsakaicin kuɗi milisakan 3 ne ko 4, to tazarar da ka samu ba ta wuce faɗin yatsu biyu ko uku ba. Idon ɗan Adam da hannunsa kuwa suna ɗaukar kimanin milisakan 200 zuwa 250 kafin su mayar da martani ga abin da suka gani.

Sai ka dubi sarbo. Wanda yake zuwa da motocin da ake sayarwa a harhaɗe yakan ɗauki daƙiƙa 0.15 zuwa 0.20 kafin ya juya digiri 60, alhali na tsere yana yin wannan juyi cikin 0.06 zuwa 0.08. Bambancin ya kai milisakan 100, ya ninka abin da ake faɗa a kai wajen rimot sau da dama, kuma kuɗinsa bai kai rubu'in na rimot mai tsada ba. Wanda ya ɗora rimot na dala ɗaruruwa a kan sarbon da ya zo da mota, a kan tayoyin da suka suɗe da sandunan sitiyari masu wasa, ba zai ji wani canji ba sai na aljihunsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce a fara da sarbo, kuma a nemi mai haƙoran ƙarfe, domin tsakuwar filayenmu tana karya na roba.

Ba ina cewa 'yan tsere ruɗu suke yi ba. Mutumin da yake zagaya ƙaramin fili cikin daƙiƙa goma sha wani abu, a tseren minti biyar inda kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ke raba na ɗaya da na biyar, yana wuce kowace kusurwa da tazarar santimita kaɗan daga shinge, kuma yana tuƙi da hasashe ne fiye da martani, don haka daidaiton jinkirin, ya kasance iri ɗaya a kowane lokaci, abu ne da hannunsa ke ji. Ra'ayinsa sahihi ne a kan dardumarsa. Sai dai akwai abin da masu yabon saurin ba su cika faɗa wa sabon shiga ba, shi ne cewa matakan sauri na ƙarshe suna bukatar sarbo na musamman. Sarbon gargajiya yana karɓar umarni sau 50 a daƙiƙa, na dijital yana iya karɓar sau 333, matakin SR na Futaba da irinsu SSR da SXR na Sanwa kuwa an tsara su ne don sarbon da aka ƙera musu. Idan ka kunna matakin sauri a kan sarbon gargajiya zai yi zafi, yana iya ƙonewa. Ke nan farashin da ke jikin rimot ɗin somin-taɓi ne.

Maganar nisa kuma a taƙaice zan yi ta. Za ka ga an rubuta mita 400 ko 600 a jikin kwali, wasu ma suna alfahari da kilomita. Cikakken filin polo, irin wanda kowane Bakatsine ya sani, tsawonsa mita 274 ne, motarka kuwa rabin mita ce ko ƙasa da haka, kuma tun kafin ta kai rabin filin za ka daina bambance gabanta da bayanta. Duk rimot na gaskiya ya ishe ka. Abin da ke rage nisa a zahiri shi ne yadda aka ajiye eriyar risiba. Ƙarshenta da aka feɗe, mai tsawon kimanin santimita 3, shi ne ke karɓar sigina, domin shi ne rubu'in tsawon zangon 2.4 GHz wanda yake santimita 12.5. Kada a yanke shi, kada a naɗe shi, kada a kwantar da shi kan ƙarfe ko kusa da wayoyin inji, a tsayar da shi cikin bututunsa.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci a wurinka. Wanda ya sayi rimot kamar wanda ya yi aure ne, dangin ma duk ya aura, dangin nan kuwa su ne risiba. Kowane kamfani yana da harshen da rimot ɗinsa ke magana da shi, risibar Sanwa ba ta jin Futaba, ta Futaba ba ta jin Spektrum, kuma abin da ke kama mutane da yawa shi ne ko a cikin gida ɗaya ba lallai su ji juna ba. Flysky, kamfanin Shenzhen ta ƙasar Sin, misali ne bayyananne: tsohon GT3B yana kan AFHDS, GT5 yana kan AFHDS 2A, Noble NB4 tana kan AFHDS 3, G7P kuma tana kan wani tsarin da ake kira ANT, kuma risibar wannan ba ta aiki da wancan duk da sunan kamfani ɗaya ne a jikinsu. Na sha ganin wanda ya yi oda, ya jira makonni, kaya ya iso, sai fitilar risiba ta yi ta ƙiftawa ta ƙi haɗuwa, domin ya duba sunan kamfani bai duba sunan tsari ba.

Ka sani kuma mai wannan sha'awa ba ya tsayawa a mota ɗaya, kuma amfanin rimot mai ajiye saitin motoci da yawa shi ne ka riƙe shi guda ɗaya, kowace mota da risibarta. Risiba ce kuma take zaune a cikin motar tana shan girgiza da ƙura da ruwan damina, ita ce ke mutuwa, rimot yana hannunka lafiya lau. Manyan rimot na Futaba da Sanwa sun haura dala 500, risibarsu guda tana kaiwa kusan dala 100, alhali da kuɗin wannan risiba ɗaya za ka sayi cikakken rimot na DumboRC ko Radiolink tare da risibarsa har da canji. Ka lissafa mota uku, ka ƙara risiba ɗaya ta ajiya, ka ɗora kuɗin aiko, ka juya shi zuwa naira a farashin ranar, sannan ka kwatanta. Wannan lissafin ya fi duk wani bidiyon yabo faɗa maka gaskiya. Ranar da za ka yi oda ka haɗa da risiba ta biyu a kwali ɗaya, domin ban san wani shago a Katsina da zan tura ka kai tsaye ka samu ba, kuma ko a Kano sai an dace.

Game da su kansu rimot ɗin, Futaba da Sanwa ingancinsu ba abin musu ba ne. Kamfanonin Japan ne da suka daɗe a harkar, robarsu da sifirin ɗinsu da laushin kunamarsu ta totur duk sun fita daban, kuma suna riƙe daraja idan an tashi sayarwa. Masu Sanwa sukan yabi sauƙin nauyinta da yadda take zama a hannu, masu Futaba sukan yabi sauƙin fahimtar saitinta da yawan nau'in risibar da take karɓa. Wanda zuciyarsa ta kafe a kan waɗannan sunaye ba sai ya kai ga 10PX ko M17 ba, akwai ƙannensu kamar Futaba 4PM da Sanwa MT-5 masu yin duk abin da kake bukata.

Noble NB4 ita ce ta sa 'yan tsere da dama suka daina raina kayan Sin. Tana da allon taɓawa mai launi, sitiyarinta yana juyawa ɓangaren hagu ko dama ba tare da an kwance komai ba, abin da ke da amfani ga bahago, tana da batir biyu, ɗaya a mariƙi ɗaya a gindi mai cirewa, kuma ana cajin ta da USB. Masu sukarta suna cewa jikinta bai kai na Japan ƙwari ba, wasu kuma suna ganin mariƙinta ya yi musu siriri. Abin da zan ƙara daga nan gida shi ne allo mai launi yana dusashewa a ranar Katsina, sai ka nemi inuwa ko ka kare shi da tafin hannu kafin ka karanta, yatsa mai gumi da ƙura kuma ba ya jituwa da allon taɓawa. Duk da haka, ga wanda yake son rimot guda da zai daɗe da shi ba tare da dogon karatu ba, ita ce nake fara ambata.

MT12, wadda ta fito a ƙarshen 2023, labarinta daban ne, domin ta taso ne daga duniyar masu jirage marasa matuƙa. Tana aiki da manhajar EdgeTX, wadda masu sa kai suke rubutawa a buɗe, kuma ana sayar da ita iri biyu. Akwai mai tsarin ExpressLRS, mai nisan zango da sauri da risiba masu sauƙin kuɗi da kamfanoni da yawa ke ƙerawa, akwai kuma mai jin harsuna da dama, wadda take haɗuwa da risibar AFHDS 2A da S-FHSS ta Futaba da wasu na Spektrum da Radiolink da DumboRC, ko da yake ba ta jin AFHDS 3 ko tsarin Sanwa. Ga wanda ya tara motoci daga kamfanoni daban-daban wannan babbar mafita ce. Masoyanta suna cewa babu abin da ba za a iya saita ta ta yi ba, kuma haka ne, masu ƙinta suna cewa abin da ake yi da maɓalli ɗaya a wani rimot sai an bi shafuka uku a nan, kuma su ma haka ne. Idan kai ɗalibin fannin lantarki ne, irin yaran Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke jin daɗin tona cikin na'ura, za ka more ta. Idan so kake ka fito da ita daga kwali bayan La'asar ka yi tuƙi kafin Magariba, za ta ɓata maka rai.

A ƙasan waɗannan akwai DumboRC X6 da Radiolink RC4GS da RC6GS da Flysky GT5, waɗanda 'yan tsere ba su cika kula su ba, alhali su ne suka fi dacewa da yawancin masu tuƙin nishaɗi. Da yawansu risibarsu tana zuwa da jairo, na'urar da ke jin bayan mota ya fara zamewa ta gyara sitiyari kafin kai ka ankara. Irin wannan ne kamfanin Traxxas ke kira TSM, Spektrum kuma AVC. Dokokin yawancin gasannin tsere sun hana amfani da shi, shi ya sa za ka ji ana kushe shi da cewa yana hana mutum koyon tuƙi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma a kan rairayi da busasshiyar ƙasa, da mota mai turi da tayoyin baya da inji mai ƙarfi, jairo kaɗan yana bambanta tuƙi da juye-juye a wuri ɗaya. Ka sa shi ƙasa-ƙasa, idan ka ga gaban motar yana kaɗawa hagu da dama a miƙaƙƙiyar hanya to ya yi yawa, ka rage, kuma ka ci gaba da ragewa yayin da hannunka ke faɗawa.

Cikin tarin saitin da ake talla, kaɗan ne za ka taɓa kullum. Na farko shi ne iyakar juyawa, wanda ake rubutawa EPA, inda kake tsayar da sarbo daidai inda tayoyi suka ƙure a kowane ɓangare. Idan ka murɗa sitiyari har ƙarshe ka ji sarbo yana ƙugi, to yana tura abin da ba ya motsi ne, yana jan wuta yana cin haƙoransa, sai ka rage har ƙugin ya ɗauke. Na biyu shi ne wanda ke tausasa tsakiyar sitiyari domin kada motar ta fizge da ɗan motsi. Rage ƙarfin totur zuwa rabi ma yana da amfani ranar da yara suka ce sai an ba su. Amma wanda ba na yarda a sayi rimot ba tare da shi ba shi ne saitin abin da mota za ta yi idan sigina ta ɗauke. Wasu risiba, in ba a saita su ba, suna riƙe umarnin ƙarshe ne. A wani filin ƙwallo na bayan gari na ga matashi yana danne da kunama sai murfin batir ɗin rimot ya buɗe, batir suka zube a ƙasa, motar ta miƙe da cikakken gudu ta ratsa tsakanin yaran da ke kallo, ta daki harsashin wani gini, hannun tayar gaba ya karye gida biyu. Allah ya kiyaye ba ta samu ƙafar kowa ba, domin abu mai kilo biyu ko uku a wannan gudu yana iya yi wa yaro rauni sosai. Gwajin ba shi da wuya: a ɗaga motar, a ba ta totur kaɗan, a kashe rimot, tayoyi su tsaya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ga mota mai shan mai kuwa sai a saita ta ta danne birki, domin ita ba ta da ESC da zai yanke wuta.

Batir ɗin rimot shi ma abin dubawa ne a garin da wuta ba ta da tabbas. Mai amfani da ƙananan batir huɗu na AA yana da daɗin cewa ko a teburin mai shago za ka samu, amma masu arhar nan na tocila ƙarfinsu yana faɗuwa da wuri, gara ka nemi na caji, ka tuna su volt 1.2 ne kowanne ba 1.5 ba, don haka sai ka sauke matakin ƙararrawar gargaɗi in rimot ɗin ya ba da dama. Mai caji da USB yana shan wuta daga fawa bank ko sola, kuma wannan ya fi mini. Ka dai tambaya ko batirinsa na cirewa ne, domin lithiyam yana tsufa, kuma irin 18650 ana samun sa a wurin masu gyaran kwamfuta, alhali wanda aka ƙera wa rimot ɗin kaɗai sai an yi oda. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kada ka bar rimot ko batir a cikin rufaffiyar mota ko but ɗin babur, domin zafin ciki yana wuce abin da lithiyam ke jurewa, ya kumbura, allon ma ya lalace.

Akwai wata matsala da za ta iya biyo bayan shawarar da na ba ka ta sayen sarbo mai ƙarfi, kuma sau da yawa rimot ake ɗora wa laifinta. ESC ne yake ba risiba da sarbo wuta, yawanci volt 6, ta wani ɓangare nasa da ake kira BEC. Sarbo mai ƙarfi idan ya fizgi wuta lokaci guda, kamar sa'ad da taya ta maƙale a rami, ƙarfin wutar yana faɗuwa, risiba ta mutu ta farfaɗo, motar ta yi tsit na ɗan lokaci sannan ta ci gaba. Mai ita sai ya ce sigina ce ke yankewa. Ka gwada a kan bulo, ka murɗa sitiyari hagu da dama da sauri kana kallon fitilar risiba, in ta ƙifta to wuta ce. Kafasita, wato 'yar na'urar ajiye wuta, mai filogi da ake jonawa a tashar da ba a amfani da ita takan magance ƙaramar matsala, babba kuwa sai BEC na waje. Wasu sababbin rimot suna nuna ƙarfin wutar risiba da na batir ɗin mota a allonsu, kuma wannan rahoto yana da amfani na gaske, domin batir ɗin lithiyam na mota, irin LiPo, da aka zuƙe ƙasa da volt 3 a kowane gida ya kama hanyar lalacewa.

Abin da babu wanda zai iya faɗa maka daga nesa shi ne yadda rimot zai zauna a hannunka, kaurin mariƙi da nisan kunama daga yatsa da taurin sifirin. Idan akwai wanda ka sani a Katsina ko Kano mai irin wanda kake so, ka roƙe shi ka riƙe, ka yi tuƙin batir ɗaya da shi. Na hannu ma ba laifi ba ne, musamman tsofaffin Futaba da Sanwa, da sharaɗin ka ga yana aiki da risibarsa a gabanka, ka kuma tabbatar har yanzu ana sayar da irin risibar.

A matsayinka na mai mota ɗaya da ke tuƙin nishaɗi, in motarka mai rarrabben kaya ce, zan ce ka ɗauki Radiolink RC4GS ko Flysky GT5 tare da risiba biyu da sarbo na dijital mai haƙoran ƙarfe. In kana da niyyar tara motoci kuma aljihu ya yarda, ka hau zuwa Noble NB4, ko MT12 in kana da haƙurin karatu. Ranar da kayan suka iso, ka ɗora motar kan bulo, ka haɗa rimot da risiba, ka duba alƙiblar sitiyari da ta totur domin wasu sai an juya su, sannan ka sake koya wa ESC tsakiyar kunama da cikakken totur da cikakken birki kamar yadda takardarsa ta nuna, tun da awon sabon rimot ba lallai ya zo daidai da na tsohon ba, kuma rashin yin haka ne ke sa mota ta riƙa rarrafe da kanta ko ta ƙi shiga ribas. Daga nan ka saita iyakar juyawa, ka yi gwajin ɗaukewar sigina, kuma kullum rimot ake fara kunnawa kafin mota, wajen kashewa kuma mota ce farko. Allah ya sa a saya a sa'a.